Hausa ta hau kujera, yaron Bermo fa?

Ranar 26 ga Maris 2025 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan kundin sake gina ƙasar Nijar, wanda ya maye gurbin tsarin mulkin 2010. Da aka buga shi, layin da ya fi jan hankalin mutane a nan Maradi shi ne wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki ne. An yi ta murna a fada-fada, an yi ta tura saƙonni a WhatsApp, har da masu cewa yau aka samu ƴancin kai. Ni ma na ji daɗi. Duk wanda ya taɓa rataya sambol a wuya, wato alamar horon ɗalibin da aka kama yana Hausa a makaranta, ya wuni yana kasa kunne ko wani zai yi subul da baka ya yi Hausa don ya sauke masa kayan kunya, ba zai rasa jin wani abu a ransa ba ranar da aka ce harshen da aka doke shi a kansa ya zama na ƙasa.

Amma layin bai ƙare a nan ba. Tsarin mulkin 2010, a sashe na 5, ya ce harsunan dukan al'ummomin Nijar harsunan ƙasa ne, daidai wa daida, kuma dokar 31 ga Disamba 2001 ta lissafa guda goma: Larabci, Buduma, Fulatanci, Gurmanci, Hausa, Barbarci, Zabarmanci, Tamashek, Tasawak da Tubanci. Sabon kundin ya ɗaga ɗaya, sauran tara ya kira su harsunan da ake magana da su a Nijar. Ba jayayya zan yi da wannan zaɓi ba; Hausa ce harshen da ya fi kowane yaɗuwa daga Gaya har Bilma, wannan ko makaho ya shafa ya ji. Tambayata ita ce abin da zai biyo baya a cikin aji, kuma ƴan uwana Hausawa nake fara yi wa ita kafin hukuma. In muka ɗauki kujerar da Faransanci ya zauna a kai, muka yi wa ɗan Bafulatani da ɗan Ba'abzine irin abin da aka yi mana, to ba mu gyara komai ba, mai riƙe da bulala kawai aka canza.

Mutumin garin Maradi yana iya ƙare rayuwarsa yana zaton jihar nan Hausa ce zalla. Ya hau mota ya wuce Dakwaro, ya gangara kwarin Tarka, ya nufi Bermo da Gadabeji. Can ƙasar makiyaya ce tun dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa. Akwai Fulani, akwai Woɗaaɓe, akwai Abzinawa, kuma akwai yaran da sai sun shekara shida ko bakwai ba su haɗa jimla ɗaya da Hausa ba, don a ruga ba a buƙatarta. Uban yana jin Hausa saboda kasuwar dabbobi. Uwar tana jin ta tallar nono. Yaron da ake kaiwa lakwal, wato makarantar boko, bai kai ko ɗaya daga cikin biyun ba tukuna.

Na taɓa kai wa wani ƙanena ziyara a wani ƙauye arewa da Dakwaro, inda aka tura shi koyarwa a matsayin malamin kwantiragi. Ajin rumfar zana ce, allon a jingine jikin ice, yara a ƙasa kan buhunan da suka zo da su daga gida. Rabin ajin ƴaƴan manoma ne Hausawa, rabi daga rugage. Shi kuwa in ban da gaisuwa bai san komai da Fulatanci ba. Dabarar da ya yi ita ce ya zaunar da wata yarinya da ta ɗan fi sauran girma a tsakiyar aji, ita tana jin harsunan biyu. Zai faɗi kalma da Faransanci, ya maimaita da Hausa, sai ita ta juya baya ta faɗa da Fulatanci. Ranar da aka tsare ta a gida don jan ruwa a rijiya, sahun baya kaf sai ya yi tsit, idanu kawai. Na ce masa, "Mushe, yau darasin ya tsaya ke nan?" Ya ce, "Yaya, darasi yana tafiya, su ne dai suka tsaya." A rajista an rubuta su duka sun zo. A rahoton ƙarshen shekara za a rubuta cewa ƴaƴan makiyaya ba su da ƙoƙari, ko iyayensu ba su son boko.

Da yamma arɗon wurin ya zo gaishe ni. Ya ce, "Malam, na ba ku yaro. In ya dawo bai iya bokon ba, kiwon ma ya wuce shi, wa zai riƙe shi?" Ban da amsa. Mutumin lissafi yake yi, kuma lissafinsa daidai ne.

Abin takaicin shi ne Nijar ta riga ƙasashe da yawa gane maganin. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin a shigar da Faransanci, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A 1999 aka fitar da ƙa'idojin rubuta waɗannan harsuna biyar. Cibiyar INDRAP da ke Yamai ta daɗe tana rubuta littattafan firamare da su. Wato haruffa akwai, littafi akwai, doka akwai. Duk da haka aka bar abin yana sunan gwaji shekara da shekaru, yana tashi in mai ba da agaji ya zo da kuɗi, yana kwanciya in ya tafi. Gwajin da ya wuce shekara 50 ai ya kamata a ce an ga sakamako. An kuwa gani, ta ɗaya gefen: binciken PASEC na 2014, mai auna ƙoƙarin ɗaliban firamare a ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya nuna fiye da yara tara cikin goma da ke ƙarshen firamare a Nijar ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba. Wannan adadi ya haɗa da ƴaƴan Hausawa. Yanzu a ƙiyasta halin wanda ko harshen da malam yake fassara masa ma baƙo ne a kunnensa.

To ga inda tsorona yake. Yanzu da Hausa ta samu matsayi, abu mafi sauƙi ga ma'aikatar ilimi shi ne ta ce a jihohin Maradi, Damagaram da Tawa a fara da Hausa ko'ina, a buga littafi iri ɗaya, a huta. Ga yaron Tasawa ko Madarunfa wannan alheri ne babba. Ga yaron rugar Bermo kuwa an ƙara masa hawa ɗaya ne: da ƙofa ɗaya ce a kulle, yanzu biyu. Kuma wannan karon ba zai ma samu wanda zai tausaya masa ba, don kowa zai ce ai da harshen gida ake koyarwa.

Na san abin da za a ce, don na sha ji a fada. Za a ce ai Fulanin nan duk suna jin Hausa. Manya ke nan, kuma jin cinikin akuya daban, koyon haɗa baƙi da wasali daban. Za a ce su kansu iyayen Hausa da Faransanci suke so ƴaƴansu su koya, don su ne harsunan kasuwa da ofis. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a hana su. Yaro sau ɗaya yake koyon yadda rubutu ke aiki. In ya gane shi da harshen da yake mafarki da shi, cikin shekara biyu ko uku zai ɗauki wannan sanin ya kai kan Hausa, ya kai kan Faransanci. Hanyar da ta fi kusa zuwa Hausar ma ta Fulatancin ta bi. Za a kuma ce yawan harsuna a makaranta yana raba kan ƙasa. Wannan ita ce hujjar da aka yi amfani da ita a kanmu lokacin da aka ce Faransanci kaɗai zai haɗa Bahaushe da Bazabarme, kuma ba mu yarda da ita ba a lokacin. Muryar Sahel ta shekara da shekaru tana karanta labarai da harsunan ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ba a ji ƙasa ta tsage ba.

Sannan wannan ba roƙo ba ne. Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990, kuma sashe na 30 ya ce ba za a hana yaron da ya fito daga tsiraru cin moriyar al'adarsa da amfani da harshensa ba. Sanarwar Majalisar ta 1992 kan haƙƙin tsiraru ta ƙara da cewa hukumomi su yi abin da ya dace don su samu damar koyon harshen uwa ko koyo da shi. Canjin gwamnati ba ya goge sa hannun ƙasa.

Harshe ma rabin maganar ne. Kalandar makarantarmu ta manomi ce: a buɗe a Oktoba bayan an fara girbi, a rufe a Yuni kafin shuka ta kankama. Makiyayi kuwa da damina yake zaune a arewa, inda ciyawa da tabkuna suke, lokacin da aji ke kulle. Da kaka ta wuce aka saki gonaki sai ya gangaro kudu, in shekara ta yi muni har ya tsallaka Nijeriya, daidai lokacin da ake tsakiyar karatu. Abin da ke riƙe yaro a irin wannan wuri shi ne kantin, wato abincin makaranta da wurin kwana, yadda iyaye za su tafi su bar shi hankali kwance. Duk malamin da ya yi aiki a arewa zai gaya maka cewa ranar da buhun hatsin kantin ya ƙare, a makon nan aji ke watsewa. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989. Ba na cewa ta warware musu komai, wanda ya ga halin da Zamfara ke ciki ba zai faɗi haka ba, amma aƙalla akwai ofishin da za a je a ɗora wa laifi. Mu a nan yaron makiyayi yana hannun kowa, wato ba ya hannun kowa.

Akwai kuma abin da ake faɗa a cikin ajin. Tarihin Maradi tarihin gudun hijira ne da tirjiya: Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta na Hausa suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa sarauta a nan, Gobirawa suka zauna Tsibiri, Ɗan Baskore ya yi ta kai hari har ƙofar Katsina. Muna alfahari da wannan, kuma ya cancanta. Sai dai a bakin malamin da bai yi hattara ba, darasin yakan koma "mu da Fulani", alhali yaron da ke zaune a sahun baya kakanninsa suna bin shanu a daji lokacin, ba ruwansu da sarautar Sakkwato ko ta Katsina. Ka haɗa wannan da abin da ke faruwa yanzu a iyakar Madarunfa da Gidan Rumji, inda ƴan bindiga ke satar mutane da dabbobi, har wasu suka mai da sunan ƙabila ɗaya daidai da sunan ɓarawo, alhali rugage na cikin waɗanda aka fi kwashe wa shanu. Jihar nan ta san inda irin wannan magana take kaiwa. A Toda, cikin Oktoban 1991, an kashe Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun zo sun tanadi burtali da makiyaya da rijiyoyi, amma ɗan manomin da bai taɓa jin a aji cewa burtali haƙƙi ne ba, in ya girma gona zai gani a wurin. Haƙƙin al'ada da ake faɗa ya wuce a gayyato Woɗaaɓe su yi gerewol gaban manyan baƙi a ɗauki hoto. Ya haɗa da littafin aji ya nuna kiwo a matsayin sana'a mai ilimi, da sanin ciyawa da taurari da cututtukan dabba, yadda yaron ruga zai buɗe shafi ya ga gidansu ba tare da an yi masa dariya ba.

Akwai wasu yaran kuma da ko Hausar ba ta isa gare su, ko da iyayensu Katsinawa ne na asali. A unguwarmu akwai wata yarinya da sanƙarau ya kama tana ƙarama, ta tashi amma kunne ya tafi. Mu muna cikin yankin da wannan cuta ke zagayowa da zafin bazara, don haka irinta suna da yawa, ga waɗanda shan inna ya bari da rarrafe, ga waɗanda ƙyanda ta taɓa wa ido. Ita ta yi sa'a a gari take, kuma akwai makarantar kurame a Maradi. Uwarta ke biyan kabu-kabu kullum daga ribar ƙosai. Na ga ranar da ta dawo ta tsuguna a ƙofar gida ta rubuta sunan uwarta da yatsa a ƙasa, uwar da ba ta iya karatu ba ta kira ni in duba mata ko daidai ne. Daidai ne. Yarinya irinta a wani ƙauyen Mayayi ko Gazawa fa? A gida za ta zauna, a kira ta bebiya, a aike ta daka da ɗiban ruwa har a yi mata aure. Namiji in makaho ne ko gurgu, hanyar da muka shirya masa tun kaka da kakanni ita ce bara. Har sarauta muka yi musu, sarkin makafi da sarkin guragu, muka tsara yadda za su karɓi sadaka, amma ba mu tsara yadda za su zauna a aji ba.

Nan ma takarda ba ta yi ƙaranci ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a 2008, wadda sashenta na 24 ya wajabta ilimin da ya haɗa kowa, da koyar da rubutun makafi da maganar hannu. A Disamban 2019 aka yi dokar ƙasa kan shigar da su cikin al'umma, har ana maganar keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Wa zai cike gurbin in bai yi firamare ba? Ƙungiyoyin agaji sun yi aiki a wasu makarantun gari, sun horar da malamai, sun gina ƴan gangaren hawa. Allah ya saka musu. Amma abin da yake haƙƙi bai kamata ya dogara da ko wani ofishi a Turai ya sabunta kasafinsa ba, musamman yanzu da muke cewa mun karɓi ragamar kanmu. Kuma haɗa kowa ba ya nufin a jefa kurma cikin aji mai yara tamanin gaban malamin da bai san alama ko ɗaya ba, a ce an cika alkawari. Wannan ma irin rajistar ƙanena ce: ya zo, an rubuta.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce hujja mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Jihar da ƙidayar 2012 ta ba mutum fiye da miliyan uku da dubu ɗari huɗu, kuma haihuwa ba ta tsaya ba tun lokacin, ajujuwa ba za su taɓa isa cikin sauƙi ba. A nan garin, cikin Nuwamban 2021, wuta ta kama ajujuwan zana ta kashe yara aƙalla 25. Wanda ya tuna wannan rana zai iya cewa, mu gama da rufin kwano tukuna kafin a zo ga Fulatanci da maganar hannu. Na fahimce shi. Sai dai in aka ce sai kowa ya ƙoshi sannan a waiwayi na gefe, ba za a taɓa waiwayarsa ba, don layin ba ya ƙarewa. Kuma yawancin abin da nake nema ba gini ba ne. Gangaren da keken gurgu zai hau, in tun wajen aza tubali aka sa shi, ƴan buhunan siminti ne; sai an gama gini a dawo a fasa ne yake tsada. Faɗin ƙofar makewayi ma haka.

Mafi arha duka shi ne tura malamai. Muna da makarantar horon malamai ta Bawa Jan Gwarzo a nan Maradi, muna da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Cikin ɗaliban da ke fita akwai masu jin Fulatanci da Tamashek tun daga nono, sai ka tarar an tura su Gidan Rumji cikin Gobirawa, an tura Bagobiri Bermo yana ƙirga kwanakin da zai nemi canji. Ba mugunta ba ce, ba a tambaya ne kawai. Layi ɗaya a takardar ɗaukar malami, wane harshe kake ji, da layi biyu a rajistar yaro, wane harshe ake yi a gidanku, kuma kana gani kana ji sosai, sun isa su nuna wa daraktan ilimi na jiha inda zai kai wa. A keɓe wa ƴaƴan arewacin Dakwaro da Bermo gurabe a makarantar horon, da sharaɗin su koma gida su koyar na wasu shekaru. A sa maganar hannu da rubutun makafi cikin abin da kowane malami zai taɓa kafin ya fita, sannan a samu aƙalla ƙwararre ɗaya a kowace gunduma mai zagayawa da babur. Kurame manya da suka yi karatu suna nan a gari, wasu suna ɗinki wasu suna walda. Su ne suka fi kowa iya harshen, a ɗauke su aiki mana.

Kundin ya faɗi matsayin harsuna, amma dokoki da umarnin ma'aikata ne za su faɗi da wane harshe malam zai buɗe baki a aji na farko. A nan ne ya kamata a ji muryar ƴan Maradi, sarakuna da malaman addini da ƙungiyoyin iyayen yara, muna cewa a rubuta ƙarara: inda yawancin yaran aji Fulatanci ko Tamashek suke ji, da shi za a fara, Hausa ta shigo a matsayin darasi tun shekarar farko. In Bafulatani ya faɗi wannan za a ce ƙabilanci ne, shi ya sa ya fi kyau ta fito daga bakinmu. Jerin tura malamai kuwa kafin buɗe makarantu a Oktoba ake fitar da shi, don haka mai son a gyara na bana sai ya yi magana tun da damina.